Daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama: tambayoyi da amsoshi kan nisa da tsawon lokacin tafiya

Duk shekara idan lokacin Umrar azumi ko jigilar alhazai ya ƙarato, maniyyata da 'yan uwansu sukan yi ta tambayar nisan Kano da Jidda da kuma awowin da jirgi yake ɗauka, sai ka ji wani ya ce awa huɗu, wani ya ce bakwai, kuma kowannensu ya rantse cewa haka ya gani da idonsa. Gaskiyar magana ita ce nisan ba ya canjawa, amma lokacin yana canjawa ƙwarai, kuma amsoshin da ke ƙasa suna bayyana dalilan hakan.

Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Jidda ta sama?

Idan aka auna daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda a kan hanya mafi gajarta, nisan kimanin kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Wannan ya yi daidai da mil 2,100 da ɗoriya, ko kuma kusan mil 1,850 a irin mil ɗin teku da matuƙa jiragen sama suke lissafi da shi. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku kuwa kilomita 1.852, saboda haka wanda ya ga alƙaluma uku daban-daban a wurare uku kada ya ɗauka wani ya yi kuskure, ma'aunin ne kawai ya bambanta.

Hanya mafi gajarta ba ita ce miƙaƙƙen layin da mutum zai ja da rula a kan taswirar bango ba, domin duniya a mulmule take, taswira kuwa an shimfiɗe ta ne. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a kife ƙwarya, a ɗiga alama biyu a bayanta, sannan a ɗauki zare a danne shi a kan alamun biyu a ja shi har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa, kuma idan aka mayar da ita kan takarda sai a ga ta ɗan lanƙwasa. Da irin wannan awon ake fitar da kilomita 3,400 ɗin.

Awa nawa jirgi yake yi idan ya tafi kai tsaye?

Idan hanya a buɗe take ta Chadi da Sudan, jirgin da bai tsaya ko'ina ba yakan yi awa huɗu da rabi zuwa awa biyar. Lissafin ba shi da wuya. Jirgin fasinja na zamani, bayan ya gama hawa ya daidaita a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, yana gudun kilomita 850 ko fiye kaɗan a awa ɗaya. Idan aka raba 3,400 da 850 za a sami awa huɗu. Sai a ƙara kusan rabin awa, domin jirgi ba ya kai cikakken gudunsa yayin hawa, kuma yakan rage gudu tun kusan minti 30 kafin ya taɓa ƙasa.

Lokacin da kamfani yake rubutawa a jadawalinsa ya fi wannan tsawo kaɗan, saboda shi yana fara ƙirga ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake a ajiye, har zuwa lokacin da ya tsaya cak a inda za a sauke fasinjoji. Tafiyar da jirgi yake yi a ƙasa kafin ya kai bakin titin tashi, da jiran layi a bayan wasu jirage, duk suna cikin wannan lissafi, kuma a Jidda lokacin cunkoson Hajji wannan tafiya ta ƙasa kaɗai tana iya cin minti 20.

Me ya sa tikiti yake nuna kamar tafiya awa bakwai ce, dawowa kuma awa uku?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ruɗa mutane, kuma amsarta tana cikin agogo. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu a duk tsawon shekara, domin babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke matsar da agogonta lokacin bazara kamar yadda ake yi a Turai. Tikiti kuwa kullum yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka.

A ɗauka jirgi ya bar Kano da ƙarfe 10:00 na safe, ya yi awa huɗu da minti 45. Agogon da ke hannun fasinja, idan bai taɓa shi ba, zai nuna 2:45 na rana lokacin sauka, amma agogon bangon filin jirgin Jidda zai nuna 4:45 na yamma, kuma shi ne aka buga a tikiti. Wanda ya ƙirga daga 10:00 zuwa 4:45 zai ce an yi awa shida da minti 45. A dawowa kuma, jirgin da ya bar Jidda 10:00 na safe zai sauka Kano 12:45 na rana, sai mai ƙirge ya ce awa biyu da minti 45 kacal aka yi. Dabarar ita ce a cire awa biyu daga abin da aka gani a tikitin tafiya, a ƙara awa biyu a kan na dawowa. Matafiyi daga Nijar, Chadi ko Kamaru ma haka zai yi, tunda agogonsu ɗaya ne da na Najeriya, na Ghana kuwa awa uku zai cire.

Ta kan waɗanne ƙasashe jirgin yake bi?

Hanyar mafi gajarta tana fita daga Kano ta fuskanci gabas tana ɗan karkata arewa, kusan digiri 68 daga arewa, wato kusan daidai inda masallatan Kano suke fuskanta, abin da ba abin mamaki ba ne tunda Makka ba ta da nisa da Jidda. Tana ratsa Jigawa da arewacin Yobe, ta taɓa kusurwar Nijar a yankin Diffa, ta wuce arewa da Tafkin Chadi, ta tsallake tsakiyar ƙasar Chadi, ta shiga hamadar arewacin Sudan, ta ƙetare kogin Nilu a wajajen Dongola, sannan ta fito gaɓar Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Daga nan ƙetare teku ne kawai ya rage.

Jirgi ba ya bin wannan layi daidai wa daida. Sama ma tana da hanyoyinta da aka shata, da mararrabarta masu sunaye, kuma kowace ƙasa tana da masu lura da zirga-zirgar jirage waɗanda suke karɓar jirgi a iyakar sararin samaniyarsu su miƙa shi ga na gaba. Saboda haka ko a rana mafi kyau, nisan da jirgi ya ci a zahiri yakan ɗara na lissafi da kaɗan.

To me ya sa wasu alhazan suka ce sun yi fiye da awa shida ba tare da sun tsaya ba?

Gaskiya suka faɗa. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ga jiragen fasinja, kuma hakan ya faru ne 'yan makonni kafin a fara jigilar alhazan waccan shekarar. Sudan ta tare fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar, kuma faɗinta daga arewa zuwa kudu ba ƙarami ba ne, don haka babu yadda jirgi zai ɗan kauce ya wuce. Rufewar ta shafi har da saman Sudan ta Kudu, domin daga Khartum ake lura da jiragen da ke wucewa can ƙololuwar samanta.

Abin da ya rage wa kamfanoni shi ne zagaye mai nisa, ko dai ta kudu, ta Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya zuwa yankin Uganda da Kenya da Habasha kafin a juyo arewa, ko kuma ta arewa a faɗo ta Masar. Zagayen ya ƙara awa biyu ko fiye a kan tafiyar, kuma kowace awa a sama man jirgi ne da albashin ma'aikata da kuɗin ratsa sararin samaniyar ƙasashe. Wannan ne ya jawo takaddamar da aka yi a watan Mayun 2023 tsakanin kamfanonin jigila da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, kan ƙarin dala 250 a kowace kujera. Ita ma hanyar arewa ta sami nata cikas a watan Agustan 2023, lokacin da sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe sararin samaniyar ƙasar na kusan wata guda.

Saboda haka mai shirin tafiya ya dogara da lokacin da kamfaninsa ya rubuta a tikitin wannan tafiyar, domin shafukan intanet masu lissafa nisa tsakanin birane suna raba kilomita da gudu ne kawai, ba su san inda ake yaƙi ba.

Shin tafiya da dawowa lokaci ɗaya suke ɗauka?

Ba safai ba, kuma dalilin iska ne. Jirgi yana tafiya ne a cikin iska kamar yadda kwalekwale yake tafiya a cikin kogi: idan ruwa yana gudu inda ka nufa ka isa da wuri, idan kana hawa gaba da shi ka daɗe. A ce jirgi yana keta iska da gudun kilomita 870 a awa, iskar sama kuma tana kaɗawa da gudun kilomita 70 daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Jidda zai riƙa cin kilomita 940 a kan ƙasa kowace awa, mai dawowa Kano kuma 800 kawai, wanda a kan wannan nisa bambancin ya kai kusan minti 40.

Abin lura shi ne iskar can sama ba ita ce wadda muke ji a ƙasa ba. Lokacin hunturu, yayin da iskar ƙasa take busowa daga arewa maso gabas tana kawo ƙura, a tsayin da jirage suke tafiya iskar daga yamma take fitowa, kuma tana ƙara ƙarfi idan aka matsa arewa wajen Masar da Saudiyya. A wannan lokaci tafiya ta fi dawowa sauri. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wata iska mai ƙarfi takan taso daga wajen Indiya ta ratso saman Sudan da Chadi zuwa yamma, sai abin ya juya, dawowa ta fi sauƙi. Tunda watan Zulhajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, alhajin da ya yi Hajji cikin hunturu shekaru da suka wuce da ɗansa da ya yi cikin damina za su iya saɓawa kan wace tafiya ce ta fi tsawo, alhali kowa abin da ya gani ya faɗa.

Babban jirgi ya fi ƙarami sauri?

Ya fi shi, amma ba da yawa ba. Manyan jirage irin su Boeing 747 da 777 suna gudun kusan kilomita 900 a awa, masu matsakaicin girma irin su Boeing 737 da Airbus A320 kuwa kusan 830. A tafiyar Kano zuwa Jidda wannan bai wuce bambancin minti 20 ba, kuma babban jirgi yakan mayar da wannan riba a ƙasa, domin shigar da fasinjoji 400 ko 500 da kayansu ya fi shigar da 180 cin lokaci nesa ba kusa ba.

Idan jirgin zai yada zango a wata ƙasa fa?

Nan lissafi ya canja gaba ɗaya. Ta Alƙahira, ana yin kimanin kilomita 3,100 daga Kano, sannan wasu 1,200 zuwa Jidda, jimilla kusan 4,300. Ta Addis Ababa, kimanin 3,300 ne da kuma 1,400, wato sama da 4,700. Ta Doha kuwa jirgi yana wuce Jidda ne da nisa sannan a dawo da baya, jimillar ta haura kilomita 6,000. Amma abin da ya fi cin lokaci shi ne zaman jiran jirgi na biyu, wanda zai iya zama awa biyu, zai kuma iya zama kwana guda a kan kujerar filin jirgi. Tikitin da ke da zango yakan fi araha a wasu lokuta, kuma ga matashi mai lafiya babu laifi. Ga wanda zai raka tsohuwa mai ciwon gwiwa ko mai ciwon suga da ke shan magani a kan lokaci, a ganina rarar kuɗin ba ta kai wahalar ba, sai fa idan babu jirgin kai tsaye a ranakun da ake so.

Wanda zai sauka Madina fa, ko wanda zai tashi daga wani gari?

Daga Kano zuwa filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kimanin kilomita 3,550 ne, wato ƙarin minti 10 zuwa 15 a kan tafiyar Jidda. Zuwa Jidda daga wasu garuruwan kuwa, Maiduguri ce ta fi kusa da kimanin kilomita 3,000, Abuja da Sakkwato kusan 3,700 kowannensu, Yamai kusan 4,000, Legas kuma kusan 4,200. Duk ƙarin kilomita 850 ƙarin awa ɗaya ne, don haka mutumin Legas yana ɗara na Kano da kusan awa guda a sama, na Maiduguri kuma yana rage rabin awa.

Daga barin gida zuwa isa Makka, awa nawa ya kamata mutum ya ƙiyasta?

Makka ba ta da filin jirgin sama, shi ya sa sauka Jidda ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Ga mai Umra da ya sayi tikitinsa, ana buƙatar ya isa filin jirgi awa uku kafin tashi domin awon kaya da duba fasfo da biza. Bayan awa biyar a sama, sai layin jami'an shige da fice, da ɗaukar hoton yatsu, da jiran jaka, waɗanda sukan ci awa ɗaya zuwa biyu. Daga filin jirgin zuwa Harami ƙasa da kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota idan babu cunkoso, kuma akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, mai tasha a filin jirgin. Idan aka haɗa duka, awa 11 zuwa 12 ke nan daga ƙofar gida a Kano zuwa masauki.

Ga alhazan jirgin hukuma lissafin ya fi haka nisa. Maniyyaci yana iya kwana a sansanin alhazai yana jiran a kira jirginsu, kuma a tashar alhazai ta Jidda, mai rufin nan kamar jerin tantuna wadda aka buɗe a 1981, ana iya shafe sa'o'i kafin a gama tantance rukuni guda a zuba su a motoci. Wanda aka sauke a Madina kuma yana da sauran tafiyar kimanin kilomita 450 zuwa Makka bayan ya kammala ziyara. Saboda haka magani, da ɗan abin taɓawa, da cajar waya, a jakar hannu ya kamata su kasance, ba a cikin babbar jakar da aka auna ba.

Hazo da hadari suna ƙara tsawon tafiyar?

Hazon hunturu ya fi shafar lokacin tashi da sauka fiye da tafiyar kanta, domin jirgi yana haurawa sama da ƙurar cikin 'yan mintuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da ƙura take rufe Kano har matuƙi ba ya iya hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya, sai a jinkirta tashi, ko jirgin da ke dawowa ya yi ta kewaye, ko a karkatar da shi Abuja. Da damina kuma matuƙi yana ganin gajimaren tsawa a na'urarsa ya kauce masa, wanda yakan ƙara 'yan mintuna.

Yaya lokutan salla da azumi da harami suke a cikin wannan tafiya?

Tazarar Kano da Jidda daga yamma zuwa gabas kusan digiri 30 da rabi ce, kuma rana tana cin digiri 15 a kowace awa, saboda haka rana tana rigan faɗuwa a Jidda da kusan awa biyu. Mai tafiya gabas yininsa yana gajarcewa da wannan adadi, mai dawowa kuma nasa yana ƙaruwa. Wanda ya bar Kano da hantsi zai iya sauka ya tarar La'asar ta yi nisa, alhali cikinsa yana gaya masa Azahar ce. Mai azumi da ya zaɓi ya ci gaba da azuminsa a cikin jirgi yana buɗe baki ne idan rana ta faɗi a inda jirgin yake, ba da agogon Kano ko na Jidda ba. Batun ƙasaru da haɗa salloli kuwa, a tambayi malamai kafin tafiya.

Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye yakan sa tufafin haraminsa tun daga Kano ko a cikin jirgi, domin ma'aikatan jirgi suna sanar da kusantar miƙati ne a ƙarshen tafiya, kuma jirgin da ke cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya ba ya ba mutum damar shiga layin banɗaki ya canja kaya bayan sanarwa. Wanda ya sauka Madina ba shi da wannan damuwa, sai ranar fita ya ɗaura harami a Zul-Hulaifa.

Kafin zuwan jiragen sama, tsawon wane lokaci wannan tafiya take ɗauka?

Watanni ga mai hali, shekaru ga talaka. Ayarin mahajjata yakan bi ta Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, Abeche, El Fasher, El Obeid da Khartum, har tashar jiragen ruwa ta Suakin, inda ake ƙetarawa Jidda. Da yawa sukan tsaya a hanya su yi noma ko ƙodago su tara guzurin zango na gaba, wasu kuma zaman ya zame musu na dindindin, kuma wannan na daga cikin asalin al'ummar Hausawa da Fulani da ke Sudan a yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Jirage na farko da suka sauka Kano, wato jiragen sojan saman Birtaniya guda uku, sun taso ne daga kusa da Alƙahira a ranar 27 ga Oktoban 1925, suka yi ta yada zango ta Sudan da Chadi, ba su iso ba sai ranar 1 ga Nuwamba.

Yaushe ya kamata masu tarbar alhaji su je filin jirgi?

Kada a bi lokacin da aka faɗa tun jiya, domin jiragen dawowar alhazai sukan sami jinkiri a Jidda saboda yawan jiragen da ke jiran izinin tashi. Abin da ya fi shi ne alhajin ya aiko da saƙo a lokacin da aka rufe ƙofar jirgi. Idan ya ce ƙarfe 3:00 ne a wurinsu, to 1:00 ne a Kano. A ƙara awa biyar, ko bakwai idan hanyar zagaye za a bi, sannan a ƙara awa ɗaya ta duba fasfo da jiran kaya. Alhajin da ya aiko da saƙo da ƙarfe 3:00 na rana agogon Saudiyya, ba zai fito harabar filin jirgin Malam Aminu Kano kafin ƙarfe 7:00 na yamma ba.